Daga Sakiya Zuwa Lesa

A ƙauyukan Tasawa da Mayahi, irin su Baudeta, kamar sauran ƙasar Hausa, an daɗe da sanin cewa wuta tana magani. Idan ƙurji ya nuna, ko kurkunu ya kumbura ƙafar manomi ana tsakiyar damina, sai a gasa kan kibiya har ya yi ja, a huda wurin, mugunya ta fita. Wannan ita ce sakiya. Mai yin ta ba shi da ma'aunin zurfi sai gwanintar hannunsa, shi ya sa wani ya warke, wani kuwa ciwon ya ruɓe masa. Kurkunu dai ba kibiya ce ta kore shi ba. Tace ruwan sha da tsabtatattun rijiyoyi ne, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi.

Abin mamaki, likitocin Turawa sun komo kan wannan dabara ta ƙona fata don a warkar da ita. A 1939 wasu likitoci biyu 'yan'uwan juna a Amurka, masu suna Hailey, suka bayyana wata cutar fata ta gado wadda ake kira da sunansu. Bororo ne ke fitowa a hamata da matsematsi da wuya, ya fashe, ya bar gyambo mai raɗaɗi, ya lafa, ya sake dawowa. Gumi da zafi da gogayyar tufa suna tayar da shi. Mai karatu da ya san bazarar Maraɗi zai gane azabar. Sai a 2000 aka gano ƙwayar halittar da ke hana ƙwayoyin fata riƙe juna.

Na'urar lesa, mai harba tsinin haske, ta samu a 1960, kuma a 1964 Kumar Patel, haifaffen Indiya, ya ƙera samfurin da ke aiki da iskar kabon. Ruwan da ke cikin fata yana shanye haskenta, sai saman fatar ya ƙone ya tashi, daidai zurfin da likita ya auna. Sabuwar fata ta tsiro daga tushen gashi, kuma sau da yawa bororon ba ya komawa wurin har shekaru. Ba ta cire cutar daga jini, tana kuma iya barin tabo ko sauya launi, musamman a baƙar fata.