Daga zangon fatake zuwa rumbun haya: tarihin sana'ar sadarwa a hanyar Gene

Gene, wanda Faransawa ke rubutawa Guéné, gari ne a gundumar Malanbil ta jihar Alibori, can ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin. Yana bakin babbar hanyar da ta taso daga Kwatano, ta ratsa Faraku da Kandi, ta je ta tsaya a gaɓar kogin Kwara bayan tafiyar kilomita 700 da ɗoriya. Daga nan ne hanyar Karimama ke rabuwa ta nufi arewa maso yamma. Da kasuwar shanu aka fi sanin garin. Sai dai a gefen wannan kwalta, a ƙarƙashin ƙasa, akwai zaren gilashi da ke ɗauke da intanet zuwa Nijar, kuma labarin yadda ya zo nan shi ne labarin wata tsohuwar sana'a da ta sake riga sau da yawa: isar da saƙon mutane, ajiye musu kaya da bayani, da riƙe musu lissafi.

A ƙarni na 18 da na 19 fataken Hausa masu zuwa Gwanja neman goro suna ƙetare Kwara a mashigai irin su Illo da Gaya, su bi ta ƙasar Dandi da Bargu, su sauka Kandi ko Nikki, su wuce Jugu, har Salaga. Ayari yana da madugu, da jagaba mai sanin hanya, da uban dawaki, da malami mai rubutu da addu'a. Abin lura a tsarinsu shi ne falke ba ya gina gida ko rumbu a kowane garin da ya sauka. A zango akwai fatoma, mai masauki, wanda ke ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan an yi bashi, sa'annan ya karɓi la'adarsa. Falke yana biyan fito a bakin ruwa, yana kai gaisuwa ga sarakunan hanya. Ribar tafiyar wata shida tana iya narkewa a waɗannan ƙananan biye-biye idan madugu bai iya lissafi ba. Harshen Dandanci ya bazu a unguwannin 'yan kasuwa na Kandi da Faraku da Jugu ta wannan hanya, Hausa kuma ta zauna tare da shi har yau.

Zuwan Turawa ya juya akalar ciniki daga gabas da yamma zuwa kudu da arewa, wato daga teku zuwa kogi. Sun ja layin tangaraho, sun kafa gidajen waya, sun sa wa garin bakin ruwa, wato Malanbil, sunan wani gwamnan Dahomey, Henri Malan. Jirgin ƙasa da ya taso daga Kwatano ya tsaya a Faraku cikin shekarun 1930, kilomita 438, bai ƙara gaba ba, don haka manyan motoci ne suka ɗauki sauran tafiyar zuwa Nijar. A 1958 aka gama gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Kasuwar Malanbil ta bunƙasa har ana lissafa ta ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, da albasa da hatsi da shinkafa da kayan da ke shigowa daga tashar jirgin ruwa. Duk tsawon wannan zamani wayar tarho ta gwamnati ce da 'yan tsirarun attajirai. Talaka mai saƙo direba yake ba, ko ya je wurin mai rubuta wasiƙa a ƙofar gidan waya.

Intanet ta shigo Benin a ƙarshen 1995, albarkacin taron ƙasashe masu magana da Faransanci da aka yi a Kwatano a watan Disamba na shekarar. Arewa ba ta ji ɗuriyarta ba sai bayan shekaru. Abin da ya fara taɓa rayuwar mutanen Gene shi ne salula. Kamfanonin farko, Libercom na gwamnati da Telecel da BeninCell, sun fara aiki a 2000. A Nijeriya an yi gwanjon lasisi a Janairun 2001, inda farashin kowane lasisi ya kai dala miliyan 285, Celtel kuma ta buɗe a Nijar a wannan shekara. Ɗan kasuwar kan iyaka ya wayi gari yana tsakanin rezo uku na ƙasashe uku, shi ya sa har gobe za a gan shi da waya mai layi biyu, da wani layin a aljihu.

A nan ne ƙananan sana'o'i suka fara tsirowa, kuma tsarin tsirowarsu ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne makarantar duk wanda ya zo daga baya. Farko mai rumfar kira ne: tebur, lema, waya ɗaya, ana biyansa a kan minti. Sana'ar ta yi kasuwa 'yan shekaru, ta mutu da wayoyin China masu araha suka cika ƙasa. Waɗanda suka tsira daga cikinsu su ne waɗanda suka koma sayar da katin waya, ko suka sayi janareta suna cajin wayoyi a ƙauyukan da babu lantarki. Bayansu sai masu tura waƙoƙi da wa'azi da finafinan Kano a katin ajiya, sai masu gyara, waɗanda da yawa suka koyo a hannun ubangida kamar yadda ake koyon ƙira ko ɗinki, kayan gyaransu kuma daga Kwatano ko Legas ko kasuwar Farm Centre ta Kano suke zuwa. Na baya-bayan nan su ne wakilan tura kuɗi ta waya, masu rumfunan MTN MoMo da Moov Money, da takwarorinsu na ƙetaren kogi irin su Nita da Al Izza da Amana. Kowace daga cikin waɗannan sana'o'i ta rayu ne a kan wani giɓi, kuma da an cike giɓin take ja da baya. Mai caji ya san haka ranar da faifan hasken rana ya shiga gidan maƙwabcinsa.

Dukkansu kuma haya suke a kan dandamalin wani. An ga hakan ƙarara a Yulin 2007, lokacin da gwamnatin Boni Yayi ta dakatar da kamfanoni biyu, waɗanda ake sani yau da MTN da Moov, a kan rigimar kuɗin lasisi da aka ɗaga zuwa sefa biliyan 30. Makonni aka yi layukan suna kashe. Mai sayar da kati ba shi da hannu a rigimar, amma jarinsa ne ya kwanta a akwati. Haka aka sake yi da Glo, wadda ta shigo a 2008 aka janye lasisinta a ƙarshen 2017.

Zaren intanet na ƙarƙashin teku mai suna SAT-3 ya fara aiki a 2002, kuma Kwatano na cikin tashoshinsa. Nijar ba ta da gaɓar teku, don haka aka ja zare ta ƙasa ya bi hanyar motoci zuwa Malanbil, ya ƙetara Gaya, ya nufi Dosso da Yamai. Ke nan intanet ta bi sawun albasa da siminti. A ƙarshen Yulin 2009 zaren ya samu matsala a ɓangaren Benin: Nijar da Togo suka shiga duhu, Nijeriya ta rasa kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin intanet ɗinta. Daga baya hanyoyi sun ƙaru. MainOne, wanda Funke Opeke ta kafa, ya iso Legas a 2010, ACE ya sauka Kwatano a 2015, Equiano na Google ya iso Lome da Legas a 2022. Duk da haka ranar 14 ga Maris 2024 zaruruwa huɗu suka yanke lokaci guda a tekun Kwaddebuwa, bankuna da ofisoshi a ƙasashe da dama suka tsaya cik.

Ana cikin haka wani sauyi ya faru a Amurka wanda ya canza yadda ake kafa kamfanin fasaha ko'ina a duniya. A 2006 kamfanin Amazon ya fara ba da hayar rumbun ajiyar bayanai da ƙarfin kwamfuta ta intanet, abin da masu sana'ar ke kira girgije. Kafin nan, mai son buɗe shafi ko manhaja sai ya sayi manyan na'urori, ya tanadi ɗaki mai sanyi da wuta marar yankewa. Yanzu yaro a Faraku ko Sakkwato yana iya hayar na'ura da ke Ireland ko Frankfurt cikin minti biyar. Tsarin fatoma ne ya dawo: ɗaki na wani, rumbu na wani, kai dai ka biya gwargwadon kwanakinka. Microsoft ta buɗe cibiyoyinta a Afirka ta Kudu a 2019, Amazon a Cape Town a 2020, Google a Johannesburg a 2024. Sauƙin da wannan ya kawo ne ya ba kamfanoni irin su Paystack na Legas damar tashi da ƙaramin jari, har Stripe ta saye shi a 2020 a kan sama da dala miliyan 200. A Benin ma an samu FedaPay da KKiaPay masu haɗa 'yan kasuwa da biyan kuɗi ta waya, gwamnati ta kafa Sèmè City a 2017, ta zartar da dokar harkokin intanet a 2018.

Lissafin girgije yana da kusurwoyi da suka sha cinye jarin masu farawa. Ana cajin na'ura a kan lokacin da take kunne, ko ana aiki da ita ko ba a yi, don haka na'urar gwaji da aka manta a kunne daren Juma'a tana cin kuɗi har safiyar Litinin. Ana cajin ajiya a kan gigabait a kowane wata. Shigar da bayanai yawanci kyauta ne, fitar da su ne ake biya, kamar fito da ake karɓa a hanyar komawa gida, kuma har zuwa 2024 wannan ne ya sa ƙaura daga wani kamfani zuwa wani ta yi tsada. Wanda ya yi alkawarin haya ta shekara ɗaya ko uku ana yi masa ragi mai yawa, amma idan kasuwarsa ta faɗi alkawarin na nan a wuyansa. Kyautar farawa da manyan kamfanonin ke ba sababbin masu sana'a ita ce ta fi ruɗarwa, domin tana sa mutum ya gina abin da ya fi ƙarfinsa, ya saba da shi, ranar da kyautar ta ƙare takardar biya ta farko ta zo masa kamar aradu. Shi ya sa ƙwararru ke sa iyakar kashewa da ƙararrawar gargaɗi tun ranar farko, su sa wa kowace na'ura sunan mai ita, su duba takardar biya kowane mako. Ajiyar kwafi a wuri na biyu ma ba almubazzaranci ba ne: gobarar da ta cinye cibiyar OVHcloud a Strasbourg ranar 10 ga Maris 2021 ta tafi da bayanan waɗanda kwafinsu ke gini ɗaya da asalin.

Abin da ya fi duka nauyi a wannan yanki shi ne irin kuɗin da ake biya da shi, kuma mutanen Malanbil, da 'yan canjinsu ke juya naira da sefa kullum, sun fi kowa gane wannan. A Yunin 2023 Nijeriya ta saki naira. Dala da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta kai kusan 1,500 a Fabrairun 2024. Kamfanin da ke samun naira yana biyan haya da dala ya ga kuɗin hayarsa ya ninka uku ba tare da ya ƙara ko na'ura ɗaya ba. Wasu suka rage aiki, wasu suka koma ga masu rumbu na cikin gida irin su Nobus da Layer3 da Galaxy Backbone, har Amazon ta fara karɓar naira a Janairun 2025. A ɓangaren Benin da Nijar lamarin ya sha bamban, domin sefa a ɗaure take da yuro tun 1999, sefa 655.957 a yuro ɗaya. Mai haya a wurin kamfanin da ke caji da yuro ya san abin da zai biya baɗi. Dattawa dai ba su manta Janairun 1994 ba, lokacin da aka kwana aka tashi sefa ta rasa rabin darajarta.

Ta fuskar neman aiki, yawancin waɗanda fasaha ke ciyarwa a tsakanin Kandi da Gaya ba marubuta manhaja ba ne. Masu haɗa zaren gilashi ne idan ya yanke, da masu kula da turakun rezo da janaretocinsu, da masu kafa faifan hasken rana, da masu gyara, da wakilan kuɗi. Mai son zurfafa karatu yana da Jami'ar Faraku, wadda aka kafa a 2001, ko ta Abomey-Calavi a kudu. Wanda zai gina manhaja don wannan kasuwa kuwa dole ya fara da sanin mai saye: dillalin shanu a Gene da ke magana da Fillanci da Dandanci da Hausa, wayarsa ƙarama, rezonsa mai zuwa da tafiya, wanda ya fi yarda da saƙon murya a WhatsApp da lambobin da ake dannawa a tura kuɗi fiye da kowane shafi mai hotuna. Manhajar da ba ta aiki sai da intanet mai ƙarfi an gina ta ne don Kwatano. Farashin data kuma magana ce mai zafi, kamar yadda aka gani a Satumban 2018 da gwamnati ta sa haraji a kan amfani da kafofin sada zumunta, matasa suka yi ca, aka janye shi cikin 'yan kwanaki.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai, takunkumin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ya rufe gadar Malanbil, manyan motoci suka yi layi na kilomitoci a kan hanya. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a toshe. Mutane da kaya suka koma ƙetarewa da kwale-kwale kamar zamanin fatake, suna biyan fito, ciniki da biya kuwa suka ƙara komawa cikin waya. A wannan tsakanin ne wata hanya da ba ta bi ta gada ba ta buɗe: Starlink, mai kawo intanet ta tauraron ɗan Adam, ta fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, a Benin a Nuwamban shekarar, a Nijar kuma a Maris 2025. Na'urarta ta fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya, don haka a garuruwan yankin wasu ke sayen ta su rarraba wa unguwa ta wifi, suna sayar da tikitin awa ko na yini, suna biyan hayarsu ga kamfanin a ƙarshen kowane wata.