Daga Handil Zuwa Motar Da Ke Taka Birki Da Kanta: Tarihin Direba Da Na'ura

Da yawa daga cikin membobinmu a nan Legas da sitiyari suke cin abinci: masu jan tirela da tanka a Apapa, masu ɗauko kayan gwari zuwa Mile 12, da masu tuƙa iyayen gida a Ikoyi da Lekki. Motocin da ake miƙa musu makulli a yanzu sun sha bamban da waɗanda suka koyi tuƙi da su. Wata tana ƙara idan ka kauce daga layinka, wata tana taka birki kafin ƙafarka ta motsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu waiwayi tarihi, domin wannan ba shi ne karo na farko da na'ura ta karɓi wani aiki daga hannun direba ba.

Dattawanmu sun san zamanin da ake tayar da babbar mota da handil. Yaron mota ya tsaya a gaba yana juya ƙarfe, idan inji ya yi tutsu ya karya masa hannu. A 1912 kamfanin Cadillac na Amurka ya fara sa sitata mai aiki da batir, wadda Charles Kettering ya haɗa. Wannan ba ta sha gardama sosai ba, saboda kowa ya ga wahalar da ta ɗauke. A 1939 kuma General Motors ya fito da giya otomatik a motocin Oldsmobile. A nan ƙasar sai da aka daɗe kafin ta karɓu. Waɗanda suka taso da Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, suna ganin wanda bai iya kuloci ba bai iya mota ba. Ana cewa otomatik tana shan mai, ba a tura ta ta tashi, kanikawa ba su san kanta ba, kuma akwai gaskiya a duka ukun a wancan lokaci. Da tokumbo suka cika gari, cunkoson Legas ya gajiyar da ƙafar hagu, kanikawa kuma suka koyi gyara, sai magana ta juya. Yau matasa da yawa ba su taɓa taka kuloci ba.

Na'urar da ke riƙe wa mota gudu ɗaya ba tare da an taka totur ba, wani injiniya Ba'amurke mai suna Ralph Teetor ya ƙirƙiro ta, kuma makaho ne tun yana ƙaramin yaro. Chrysler ya sa ta a motocinsa a 1958, ya raɗa mata suna Auto-Pilot, wato mai tuƙa kanta, alhali totur kaɗai take riƙewa. Ku riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Babban darasi yana cikin labarin ABS. Kafin zuwansa, idan direba ya danne birki da ƙarfi a kan jiƙaƙƙen titi, tayoyi su kan ƙame, motar ta zame, ko ka juya sitiyari ba za ta bi ba. Shi ya sa ake koya wa direba ya taka ya saki, ya taka ya saki. A 1978 Mercedes da Bosch suka fito da ABS mai aiki da lantarki, wanda ke lura da juyawar kowace taya, ya riƙa saki da kamawa sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Aikin direba kawai ya danne birki ya riƙe, ya juya sitiyari ya kauce.

Kowa ya zaci haɗurra za su ragu nan take. Ba haka aka gani ba a farko. Direbobi da dama, idan suka ji birki yana karkarwa a ƙarƙashin ƙafarsu yana gurnani, sai su ɗauka ya lalace, su ɗage ƙafa a daidai lokacin da ya kamata su danne. Wasu suka ci gaba da taka-saki irin na da, suna ɓata wa na'urar aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, binciken da aka yi a kan direbobin tasi na birnin Munich a Jamus a shekarun 1980 ya nuna masu ABS sun ƙara gudu da ganganci, haɗurransu kuwa ba su ragu ba. Ke nan rashin sani ya cuci wasu, yawan yarda ya cuci wasu.

Na'urar da ta biyo baya, mai hana mota juyawa a kwana ta hanyar kama birkin taya ɗaya ita kaɗai, ta fito a 1995, ita ma daga Mercedes da Bosch. Ta ceci rayuka da yawa, har Amurka ta wajabta ta a sababbin ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai kuma daga 2014. Sirrin nasararta shi ne ba ta nemi direba ya canja wata tsohuwar al'ada ba, kuma ba ta sa ya ji an sauke masa nauyi ba.

Yanzu mu koma kan wancan suna. A 2015 kamfanin Tesla ya saki tsarin da ya kira Autopilot, mai riƙe gudu da layi a babbar hanya. A watan Mayu na 2016, a jihar Fulorida, wata Tesla ta kutsa ƙarƙashin tirelar da ke tsallaka titi, direban ya mutu. Na'urar ba ta gane farin jikin tirelar ba, shi ma bai taka birki ba. Masu bincike sun gano cewa a cikin minti 37 da tsarin ke aiki, kamar daƙiƙa 25 kawai hannunsa ya yi a kan sitiyari. A watan Maris na 2018, motar gwaji ta Uber ta kaɗe wata mata har lahira a Tempe ta jihar Arizona, wadda aka ɗora don sa ido kuwa hankalinta na kan waya. Ɗan Adam haka yake: idan aka bar shi da kallo kawai, hankalinsa sai ya tafi.

Mu a nan gida, tarihinmu ya fi karkata ga ƙin karɓa. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, amma sai a 2003 aka fara tilasta ɗaura bel, kuma har yau akwai mai rataya shi a kafaɗa idan ya hango jami'ai. Na'urar taƙaita gudu a motocin haya sai a watan Fabrairun 2017 aka fara kamen waɗanda ba su sa ba, bayan an ɗage ranar sau da dama. Mun san motocin da wutar ABS ke kunne a dashbod shekara da shekaru, wani ma ya liƙe ta da salatif don kada ta dame shi. Wannan wuta tana gaya maka ne cewa kariyar ta tafi, birkinka ya koma irin na da.

Dole kuma mu tuna cewa waɗannan na'urori ba don titunanmu aka auna su ba. Kyamarar da ke tsare layi tana buƙatar fenti a kan kwalta, hanyoyinmu da yawa ba su da shi. Ƙurar hunturu da taɓon damina suna rufe idon na'ura. A kan tsakuwa ko yashi, mota mai ABS tana iya yin nisa kafin ta tsaya fiye da yadda kake zato. Idan mai gyaran bodi ya cire bamba ya mayar, na'urar hango abin da ke gaba tana iya karkacewa, sai an sake saita ta da kwamfuta. Daga Yulin 2024 duk sabuwar ƙaramar mota a Tarayyar Turai dole ta zo da birkin gaggawa mai kama kansa. Motocin Turai na yau kuwa su ne tokumbonmu na gobe, don haka abin yana tafe ko mun so ko ba mu so ba.

Kiranmu ga 'yan uwa direbobi shi ne, duk wanda aka ba shi sabuwar mota ya tambayi abin da kowane maɓalli da kowace wuta ke nufi kafin ya hau titi, tambaya ba ta rage darajar gwani. Ya sami fili babu mutane ya danne birki sau ɗaya, domin ƙafarsa ta san karkarwar ABS tun kafin ranar tsanani. Iyayen gidan da ke koya wa yara tuƙi su bambance musu tsohuwar mota da sabuwa. Masu motoci kuma su daina cewa a cire waya idan wuta ta kama, su biya kuɗin gyara. Hannu dai ya zauna a kan sitiyari, ido a kan hanya, domin idan abu ya faru direba ake tuhuma, iyalinsa ne kuma ke zaman makoki.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya dawo da kowa gidansa lafiya.

Sakataren Ƙungiya