Muƙamuƙi da hannun mai gyara: daga Masar zuwa Damagaram

A Hausa kalma ɗaya gare mu, jijiya, muna kiran abubuwa uku da ita: hanyar jini, da igiyar da ke ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma wadda ke kai saƙon zafi zuwa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa idan mutum ya ce jijiya ke damunsa, kowane mai magani na iya cewa nasa ne. Yanzu ga wayoyi cike da bidiyon masu murɗa wuya da danna muƙamuƙi, har iyayen yara a nan Mayahi suna tambayata ko sabon ilimi ne ya zo. Sana'ar dai tsohuwa ce ƙwarai.

Akwai wata takardar likitanci ta Masar da aka rubuta wajen shekara 1600 kafin haihuwar Annabi Isa, wadda wani Ba'amurke, Edwin Smith, ya saya a Luksor a 1862. Matsaloli 48 ta lissafa, ta 25 kuwa a kan mutumin da muƙamuƙinsa ya goce ne, baki ya ƙi rufuwa. Maganin shi ne mai gyara ya sa manyan yatsunsa cikin bakin, sauran yatsun a ƙarƙashin haɓa, ya mai da ƙashin mazauninsa. Az-Zahrawi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu wajen 1013, ya kawo karaya da gocewar ƙashi a kashi na 30 na littafinsa At-Tasrif, har da na muƙamuƙi. Likitan yau ma kusan haka yake yi wa wanda ya yi hamma bakinsa ya tsaya a buɗe. Maɗoran ƙasar Hausa, masu gadon sana'ar daga kakanni, da karansu da tsummansu da tofinsu, reshe ne na wannan tsohon aikin hannu, kuma ban ga dalilin raina su ba a kan targaɗe. Inda nake jin tsoronsu shi ne ɗaurin da ya matse har jini ya daina gudu, yatsun yaro su yi sanyi su yi baƙi.

A Amurka aka mai da aikin hannun makaranta. Andrew Taylor Still ya fito da nasa tsarin a 1874, ya buɗe makaranta a Kirksville a 1892, yana ganin yawancin cututtuka daga karkacewar ƙashi suke. Ida Rolf, wadda ta yi digirin dakta a kimiyyar sinadaran jiki a Jami'ar Kolombiya a 1920, ita ta karkata ga tantani. Duk wanda ya tsaya gaban mahauci ya san shi, farin nan mai sheƙi da ke lulluɓe tsoka. A ganinta idan tantanin ya ƙage sai ya ja jiki ya karkace, don haka ta tsara zama 10 na tausa mai zurfi, ɗaya daga ciki har a cikin baki. An kafa cibiyarta a Boulder a 1971. Kafin nan, a 1934, wani likitan kunne, James Costen, ya nuna cewa wani ciwon kunne da na kai daga gaɓar muƙamuƙi yake tasowa. Ana iya gane dalili, domin jijiyar da ke kai ji ga fuska rassa uku gare ta, kuma reshen da ke kula da muƙamuƙi shi ne ke kai wa gefen kunne.

Ra'ayina a kan waɗannan makarantu shi ne sun gano gaskiya sannan suka zarce ta. Tausa da motsa gaɓa suna rage ciwon tsokar tauna ga mai cizon haƙora cikin barci. Cewa suna miƙe ƙashin baya har abada, ko suna warkar da kowace cuta, bincike bai tabbatar ba.

Mu a nan abin da ya fi shafarmu shi ne bakin da ya ƙi buɗuwa, kuma tarihinsa na kusa da mu. Cutar noma (sunan daga Girkanci yake, ba ruwansa da gona) tana farawa da kumburin dasashi da warin baki ga yaro ɗan shekara 2 zuwa 6 wanda tamowa ko ƙyanda ta raunana. Cikin ƴan kwanaki ta cinye kunci. Yawancin waɗanda ba a yi wa magani ba suna mutuwa, wanda ya rayu kuma tabon kan ƙage ya ɗaure muƙamuƙi, abinci ma sai ta ƴar kafa. Ƙungiyar Sentinelles ta ƙasar Suwis ta fara aiki da irin waɗannan yara a Damagaram a 1992, Sakkwato ta buɗe asibitin noma a 1999, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa sai a Disamban 2023 ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. A nan aikin hannu yake da gurbi na gaske, amma bayan maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci da tiyata: ana tausa tabon, ana horar da yaro buɗe baki kullum, wata da watanni, don kada ya sake rufewa.

Ɗayan kuma tetanos ce, wadda ke shiga ta rauni, ko ƙusa ko ƙaya ko cibiyar jariri. Haƙora su sarƙe, wuya ya sandare, baya ya lanƙwashe. Dafin ƙwayar cutar ne ya kama jijiyoyi, taɓa jikin ma na iya tayar da fizga, don haka tausa ƙara wahala ce. Malami kan ga alamar kafin uwa, ganin yaro ya kasa karatu da ƙarfi ko ya bar abincinsa. Idan bakin bai karɓi yatsun yaron biyu a jere ba, ko akwai zazzaɓi, ko wari, ko rauni a ƙafa cikin makonnin da suka wuce, ranar nan ya kamata a kai shi likita, a Mayahi ne ko Tasawa. Tun 2006 dokar Nijar ta ce duba yaron da bai kai shekara 5 ba kyauta ne a likitocin gwamnati.