Taliyar Lanzu, Rufin Asirin Baƙo

Uwargida, idan fatauci ya kai ki ƙasar Sin, kada tsoron naman alade ya kwanar da ke da yunwa. Ai Musulunci ya haura shekara 1,000 a can, fataken Larabawa da Farisawa ne suka kai shi. A 1915 wani Musulmi, Ma Baozi, ya fito da taliyar birnin Lanzu, wadda ake jan kwaɓinta da hannu, a zuba mata romon naman sa da barkono. Yau shagunanta sun cika biranensu. Ki riƙe kalmar "cingjan", wato halal da yarensu. In magana ta gagara, nuna hoton abincin da yatsa. Matambayi dai ba ya ɓata.