Lafiya da Kariya a Wurin Aiki: Nauyin da Doka ta Ɗora wa Jami'o'in Najeriya

A harabar kowace babbar jami'a ta Najeriya akwai malamai da masu kula da ɗakunan gwaje-gwaje, akwai likitoci da ma'aikatan jinya, akwai direbobi da masu gyaran wutar lantarki da masu girki da masu shara da masu gadi, ga kuma leburorin 'yan kwangila a kan gine-ginen da ba a kammala ba. Kowane ɗaya daga cikinsu yana da irin haɗarin da ke tattare da aikinsa. Baya ga zamanta wurin neman ilimi, jami'a mai ɗaukar ma'aikata ce, don haka duk nauyin da doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki game da lafiyar ma'aikatansa ya hau kanta.

Tushen nauyin a doka

Sashe na 17 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati ta tsara manufofinta yadda za a kare lafiya da tsaro da walwalar duk wanda ke bakin aiki. Sai dai wannan sashe yana cikin Babi na Biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotuna tilasta aiwatar da shi kai tsaye. Ma'aikacin da ya ji rauni kan dogara ne da wasu dokokin.

Mafi daɗewa a cikinsu su ne Dokar Ƙwadago da Dokar Masana'antu ta 1987. Ta biyun ta yi tanadi a kan tsafta da iska da haske da shingen injuna da hanyar tsira daga gobara, kuma jami'an Ma'aikatar Ƙwadago da Samar da Ayyukan Yi ta Tarayya ne ke duba bin ta. Matsalarta ita ce an rubuta ta ne da masana'anta a zuci. Ta dace da maɗaba'ar jami'a ko gidan burodinta ko wurin da take sarrafa ruwan leda, amma da wuya a jawo ta ta rufe zauren lacca ko ofishin malami ko ɗakin karatu. An sha kai ƙudurin sabuwar doka da za ta haɗa dukkan wuraren aiki gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa. Majalisar Dattawa ta amince da ɗaya a 2012, bai kuwa zama doka ba. Jihar Legas ta kafa tata hukumar kula da kariya da dokar 2011.

Abin da ya rage wannan giɓi shi ne Dokar Biyan Diyya ga Ma'aikata ta 2010, wadda ta shafi ma'aikatan gwamnati da na masu zaman kansu baki ɗaya, in ban da sojoji. Akwai kuma Manufar Ƙasa kan Lafiya da Kariya a Wurin Aiki ta 2006, wadda aka sabunta a 2020. A matakin duniya, Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, a 1994, sannan ta amince da ta 187 da ta 190 a 2022. Ta ƙarshen ta shafi cin zarafi da tsangwama a wurin aiki. A wannan shekarar ce ƙungiyar ta sanya wurin aiki mai lafiya da aminci cikin jerin haƙƙoƙin ma'aikaci na asali.

Wanda nauyin ya rataya a wuyansa

A tsarin jami'o'in gwamnati, Majalisar Gudanarwa ce ke riƙe da kuɗi da kadarori da sha'anin ma'aikata, don haka ita ce ke kan gaba wajen amsa tambaya. Aikinta ne ta amince da rubutacciyar manufar kariya, ta ware mata kuɗi a kasafi, ta kuma nemi rahoto a kai a kai. Shugaban jami'a shi ne mai aiwatarwa yau da kullum. Magatakarda ne ke riƙe da bayanan ma'aikata, ma'aji kuma shi ke biyan kuɗin asusun diyya. Daraktan ayyuka yana kula da gine-gine da wayoyin lantarki da ruwa da janareta, daraktan lafiya yana kula da asibitin jami'a, babban jami'in tsaro kuma da ƙofofi da sintiri.

Amma inda aikin yake zama gaskiya ko ya tsaya a takarda shi ne matakin tsangaya da sashe. Shugaban sashe ne ya san ɗakin da rufinsa ke yoyo a kan akwatin lantarki, da kwalaben sinadarai da takardar jikinsu ta goge. A wuyansa yake ya sa a tantance haɗarin kowane aiki kafin a fara shi, a rubuta, a kuma sake dubawa duk lokacin da aka sauya kayan aiki ko tsari. Malamin da ke duba binciken ɗalibi yana da irin wannan nauyi a kan ɗalibinsa. Shi ma ma'aikacin yana da nasa rabon: ya bi ƙa'ida, ya sa kayan kariyar da aka ba shi, kada ya taɓa injin da ba a horar da shi a kansa ba, ya kuma kai rahoton duk abin da ya gani, har da haɗarin da ya kusa aukuwa Allah ya tsare. Irin wannan rahoto na ƙarshe shi ne mafi arha cikin darussan da hukuma za ta samu, shi ne kuma aka fi yin sakaci da shi, domin mutane na tsoron a ɗora musu laifi.

Ƙungiyoyin ma'aikata huɗu da suka daɗe a jami'o'i, wato ASUU da SSANU da NASU da NAAT, suna da wuri a kwamitin kariya. Batun alawus na haɗari ya daɗe a teburin tattaunawarsu da gwamnati, kuma haƙƙi ne. Sai dai kuɗin alawus ba ya fitar da tururin sinadari daga ɗaki, kuma biyansa ba ya sauke wa jami'a nauyin gyara.

Inda haɗarin yake

Ɗakin gwaje-gwaje ne ya fi tara haɗari a wuri ɗaya. Akwai asid da sinadarai masu kamawa da wuta, da tukwanen gas, da sinadarin fomalin da ake adana gawa da shi a sashen nazarin jikin ɗan Adam, wanda shaƙarsa na tsawon lokaci ke iya jawo cutar daji. Masana sun jera matakan kariya bisa ƙarfinsu: a kawar da abin haɗarin gaba ɗaya in zai yiwu, in ba haka ba a musanya shi da mai sauƙin illa, sai a killace shi da na'ura, kamar akwatin zuƙe tururi, sai tsarin aiki da horo, daga ƙarshe safar hannu da tabarau da takunkumi. Kuskuren da aka fi yi shi ne farawa daga ƙarshen jerin, a raba safar hannu a ɗauka an gama. A Najeriya kuma akwai wani ƙarin abin lura: akwatin zuƙe tururi da firjin adana samfuri duk da lantarki suke aiki, don haka ɗaukewar wuta a tsakiyar gwaji haɗari ne da dole a shirya masa tun farko.

Wasu ayyukan suna ƙarƙashin hukumomi na musamman. Duk na'urar ɗaukar hoton ƙashi ko wani abu mai fitar da tiririn nukiliya yana buƙatar lasisin Hukumar Kula da Harkokin Nukiliya ta Najeriya, NNRA, wadda ta fara aiki a 2001 bisa dokar 1995. Misali mafi girma shi ne tukunyar nukiliya ta bincike da ke Cibiyar Bincike da Horo kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda ta fara aiki a 2004, aka kuma sauya mata makamashi zuwa yuraniyom mai ƙarancin tacewa a 2018. Binciken da ya shafi sauya ƙwayoyin halitta yana ƙarƙashin hukumar da dokar 2015 ta kafa. A asibitocin koyarwa kuwa, sukar allura da zazzaɓin Lassa da tarin fuka da ciwon hanta su ne ke barazana ga ma'aikata, ciki har da masu shara da ke kwashe tarkacen ɗakin jinya.

Gobara ta fi yawa a lokacin hunturu, kuma sanadinta sananne ne: tsofaffin wayoyi, da loda kaya da yawa a soket ɗaya, da rishon lantarki a ɗakin kwana, da ajiye fetur kusa da janareta. Tukunyar kashe gobara da wa'adinta ya ƙare ado ce kawai a bango, kuma ba kowace iri ce ta dace da kowace wuta ba. Ruwa a kan wutar lantarki ko ta mai yana ƙara ɓarna. Ƙarfunan tagogi da ƙofar baya da aka garƙame don tsoron ɓarayi su ne ke tare mutane a ranar da ake neman hanyar fita. Kwamitin tantance bukatun jami'o'in gwamnati da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta a 2012 ya nuna cunkoso a azuzuwa da ɗakunan kwana, da lalacewar ɗakunan gwaje-gwaje a jami'o'i da dama.

Tsaro ya shiga wannan lissafi tun fiye da shekara goma. An kai hari Jami'ar Bayero ta Kano a Afrilun 2012, da masallacin Jami'ar Maiduguri a Janairun 2017, da gidajen ma'aikatan Jami'ar Abuja a Nuwamban 2021. Harin kwanton ɓauna da aka yi wa tawagar binciken mai a yankin Magumeri na Jihar Borno a Yulin 2017, wadda ta haɗa da ma'aikatan Jami'ar Maiduguri, ya nuna cewa wurin aikin malami ba ya ƙarewa a ƙofar jami'a. Fita bincike da tafiyar ɗalibai da motar da za ta ɗauke su duk suna buƙatar tantancewa da izini a rubuce.

Walwala ta haɗa da lafiyar ƙwaƙwalwa. Malamin da ke koyar da ɗalibai ɗaruruwa a aji guda, yana duba takardunsu, albashi kuma yana jinkiri, yana cikin matsin da ke taɓa jiki. Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta hana nuna wa mai irin wannan lalura wariya a wurin aiki. Dokar masu buƙata ta musamman ta 2018 kuma ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su samar da hanyar shiga ga mai keken guragu da makaho, wa'adin da ya cika a Janairun 2024.

Ɗalibai da 'yan kwangila

Ɗalibi ba ma'aikaci ba ne, don haka asusun diyya bai rufe shi ba. Duk da haka jami'a tana da alhakin kula da duk wanda ta shigo da shi harabarta, kuma ana iya kai ta kotu a kan sakaci. Kula da lafiyarsa tana bi ta shirin inshorar ɗalibai na TISHIP. Game da ɗan kwangila, dokar 2010 ta sa shi da wanda ya ba shi aikin su ɗauki nauyin kuɗin asusun tare, saboda haka jami'ar da ba ta nemi shaidar rajistarsa ba tana iya biya a madadinsa.

Idan haɗari ya auku

Asusun Inshorar Ma'aikata na NSITF ne ke gudanar da diyya. Mai ɗaukar aiki ne ke zuba aƙalla kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a wata, kuma haramun ne ya cire kuɗin daga albashin ma'aikaci ko ya sa shi ya yafe haƙƙinsa. Ba sai an tabbatar da laifin kowa ba kafin a biya. Dokar ta haɗa da rauni da mutuwa da cutar da aiki ya jawo da raunin ji da matsin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da aiki, har da haɗarin da ya auku a hanya tsakanin gida da wurin aiki. Ma'aikacin wucin gadi da mai koyon aiki suna ciki. Wanda ya naƙasa gaba ɗaya har abada yana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa.

Wa'adi ne ke sa mutane da yawa asara. Ma'aikaci, ko iyalinsa in ya rasu, ya sanar da jami'a cikin kwana 14. Jami'a ta kai rahoto ga asusun cikin kwana 7, mutuwa kuma nan take. Takardar neman diyya a shigar da ita cikin shekara guda. Wanda bai gamsu da hukuncin asusun ba yana iya neman a sake dubawa, daga nan ya wuce Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda sashe na 254C na Kundin Tsarin Mulki ya ba ta hurumin shari'o'in lafiya da kariya a wurin aiki.