Tarihin Garkuwar Kulorin a Wuraren Ninkaya da Wahalar Rage Ta

Sana'ar kula da ruwan kwamin ninkaya, wato aikin tace ruwan da jama'a ke iyo a cikinsa da kashe ƙwayoyin cutar da suke bari, ta girma ne a Ingila da Amurka, kuma tun daga ƙarshen shekarun 1950 tarihinta ya rataya a kan wani farin gari da masana sinadarai ke kira asid ɗin sayanurik. Masu sana'ar suna zuba shi a ruwa domin ya zama garkuwa ga sinadarin kulorin, ya hana hasken rana cinye shi kafin ya gama aikinsa. Ya yi wannan aikin yadda ake so, sai dai ya zo da wani hali da ba a ba shi muhimmanci ba da farko, wanda shi ne idan ya shiga ruwa ba ya fita da kansa, kuma idan ya taru ya yi yawa yakan danne kulorin ɗin da aka kawo shi ya kare.

Kafin zuwan kulorin, tsaftar ruwan iyo ba ta wuce zubarwa da sake cikawa ba. Bayan majalisar dokokin Birtaniya ta zartar da dokar gidajen wanka da wanki a 1846, wadda ta ba ƙananan hukumomi ikon gina wuraren wanka na jama'a, akan cika kwami da ruwa a bar shi kwanaki ana shiga ana fita, sannan a buɗe magudana a zubar, kuma a wurare da dama kuɗin shiga yakan sauka gwargwadon yadda ruwan ya yi dauɗa, ta yadda mai hali ke samun sabon ruwa, talaka kuma ya samu na kwana uku. Shi kuwa kulorin an san shi tun 1774, lokacin da Carl Wilhelm Scheele na ƙasar Suwidin ya fitar da shi, kuma Charles Tennant ya fara sarrafa garin bilic a Glasgow a 1799 domin masaƙu, amma sai a farkon ƙarni na ashirin amfani da shi wajen tsaftace ruwa ya yaɗu. A 1908 likita John L. Leal ya sa aka fara zuba shi a kai a kai cikin ruwan shan birnin Jersey City, bayan shekara biyu kuma, a 1910, John Bunker ya gwada garin bilic a kwamin ninkaya na Jami'ar Brown da ke jihar Rhode Island, ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin adadi ya isa ya kashe kusan dukkan ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ruwan.

Wancan kwami na jami'a yana cikin gini ne, ƙarƙashin rufi, saboda haka matsalar rana ba ta bayyana sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da dabarar fesa siminti da injin iska ta rage tsadar gini, masu matsakaicin hali a jihohin Kalifoniya da Arizona da Florida suka fara haƙa kwami a bayan gidajensu. Idan aka zuba kulorin a ruwa yakan rikiɗa zuwa asid ɗin haifokuloros, wanda shi ne ainihin mai kashe ƙwayoyin cuta, da ɗan'uwansa haifokulorait, wanda bai kai shi ƙarfi ba. Wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani yana farfasa waɗannan biyun da sauri, har mafi yawan kulorin da aka zuba da safe yakan salwanta cikin sa'a biyu zuwa uku idan rana ta take. Babban wurin ninkaya na hukuma yana da ma'aikaci da injin da ke ɗiga kulorin duk yini, amma maigidan da ya fita aiki tun safe ba shi da ko ɗaya, sai ya dawo da yamma ya tarar ruwan ya fara yin kore saboda gansakuka.

Maganin ya fito daga wani sinadari da ya daɗe a ɗakunan bincike ba tare da wani babban amfani ba. Friedrich Wöhler na Jamus ya samar da asid ɗin sayanurik a 1829 ta hanyar dumama yuriya, kuma har yau masana'antu daga yuriya suke yin sa, wato wannan farin takin zamani da manoma suka sani. A 1902 masana sinadarai Chattaway da Wadmore suka haɗa shi da kulorin suka samu abin da 'yan kasuwa ke kira tirayikulo a taƙaice, kuma a ƙarshen shekarun 1950 kamfanonin sinadarai na Amurka suka gane cewa ruwan da ke ɗauke da sayanurik yana riƙe kulorin a ƙarƙashin rana na tsawon lokaci. Dalili shi ne sayanurik yana kama mafi yawan kulorin ya riƙe shi cikin wani ɗauri mai sassauci wanda hasken rana ba ya saurin warwarewa, yana sakin kaɗan kaɗan yayin da wanda ke sake ya ƙare. Daga nan aka fara matse tirayikulo ya zama dunƙule mai faɗin inci uku, mai nauyin kimanin giram 200, wanda ake jefawa cikin wani ɗan gwangwanin roba da ke yawo a saman ruwa, yana narkewa sannu a hankali har mako guda. Wannan dunƙulen ne ya mayar da kula da kwami aikin da ake yi sau ɗaya a mako, kuma a kansa aka gina sana'ar masu zagayawa gida gida da mota ɗauke da raga da buroshi da bokitin magani.

Aibin yana cikin lissafin dunƙulen kansa. Fiye da rabin nauyin tirayikulo sayanurik ne, ta yadda duk miligiram 10 na kulorin da ya ba kowace lita ta ruwa yakan bar kimanin miligiram 6 na sayanurik, ɗan'uwansa dayikulo kuwa, wanda ake sayarwa a matsayin gari, yakan bar kusan 9. Kulorin yana ƙarewa wajen kashe ƙwayoyin cuta da ƙona gumi da fitsari, amma sayanurik yana nan daram, domin rana ba ta farfasa shi, matatar yashi ba ta kama shi, kuma idan ruwa ya bi iska saboda zafi shi ba ya bin sa, don haka ruwan da ake ƙarawa domin cike gurbin wanda ya ƙafe ba ya rage komai. Kwamin da ke cin miligiram 2 na kulorin a kowace lita kullum, idan da dunƙule kaɗai ake ciyar da shi, zai tara kimanin miligiram 36 na sayanurik a wata, wanda ke nufin cikin wata uku ya haura 100, alhali abin da masu sana'ar suka daɗe suna ɗauka a matsayin daidai shi ne tsakanin 30 da 50.

Masana ba su jahilci wannan ba. A 1974 O'Brien da Morris da Butler suka wallafa lissafin yadda kulorin ke rarrabuwa a ruwan da ke da sayanurik, wanda ya nuna cewa ko a matakin da ake ganin daidai ne, kaso kaɗan ƙwarai na kulorin ne ke zama asid ɗin haifokuloros mai kisa, kuma abin da ke yanke hukunci shi ne gwargwadon kulorin a kan sayanurik. Abin da ya ɓoye matsalar ga mai kwami shi ne kayan gwajin da yake amfani da su, waɗanda ke rina ruwa ya zama ruwan hoda gwargwadon yawan kulorin, suna ƙidaya wanda aka ɗaure tare da wanda ke sake. Sai ya ga gwaji ya nuna komai lafiya, ga shi kuwa ruwa ya yi hazo, bango ya yi santsi, ya koma kanti a ce masa kulorin ɗinsa ya kulle, a sayar masa da ƙarin gari wanda sau da yawa shi ma yana ɗauke da sayanurik. Ba a buƙatar zargin kowa da mugun nufi kafin a lura cewa sana'ar da ribarta ke cikin sayar da dunƙule ba za ta yi gaggawar koya wa masu saye illar dunƙule ba, kuma an shafe shekaru masu yawa wannan ilimi yana kwance a mujallun masana bai isa bakin kwami ba.

Abin da ya tilasta wa hukumomi duba lamarin shi ne wata ƙwayar cuta mai sa gudawa da ake kira kiriftosiforidiyam, wadda ke da ɓawo mai tauri da kan bar ta ta rayu fiye da mako guda a ruwan da ke da kulorin daidai ƙa'ida. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta tsara cewa idan wani ya yi gudawa a kwamin jama'a a ɗaga kulorin zuwa miligiram 20 a lita na kusan sa'a 13, amma idan akwai sayanurik dole a fara sauke shi zuwa 15 ko ƙasa da haka, sannan a riƙe wannan matakin na kulorin har sa'a 28. Ƙasashe sun rabu a kan iyaka. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2006 kan wuraren ninkaya, ta ce kada ya wuce miligiram 100 a lita, Faransa ta tsaya a 75, kundin shawarwarin CDC na 2018 ya sa 90, jihar New York kuwa ta hana amfani da shi a wuraren ninkaya na jama'a. A 2019 Richard Falk da abokan aikinsa suka ba da shawarar a daina dogaro da iyaka guda, a koma ga gwargwado, ta yadda sayanurik ba zai ninka kulorin fiye da sau 20 ba.

Gwajin sayanurik kansa bai canza sosai ba tsawon wannan zamani. Ana haɗa ruwan kwami da ruwan wani sinadari mai suna melamin, wanda ke manne wa sayanurik ya sa ruwan ya yi fari kamar tsinkakken koko, sannan a riƙa ɗiga shi cikin wani siririn bututu mai baƙin ɗigo a ƙasansa, mai gwaji yana leƙawa daga sama har ɗigon ya ɓace masa, ya karanta lambar da ke jikin bututun. Yawancin bututan ba sa karanta abin da ya wuce 100, shi ya sa ƙwararru ke gauraya ruwan kwami da na famfo rabi da rabi su ninka sakamakon. 

Game da rage sayanurik kuwa, bayan duk ci gaban da aka samu, hanyar da aka fi dogara da ita ita ce ta gidajen wankan Ingila na da, wato zubarwa da sake cikawa. Lissafin ba shi da wuya amma yana da tsada, domin wanda ke son sauke 150 zuwa 50 sai ya zubar da kashi biyu cikin uku na ruwan, wanda a kwamin lita 50,000 ya haura lita 33,000. Ba a kuma so a kwashe ruwan gaba ɗaya, saboda inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke kusa yakan iya tura kwamin da babu nauyi a cikinsa ya ɗago ya tsage, wanda aka shimfiɗa wa leda kuma ledar takan takure, don haka akan zubar da wani kaso a cika, a sake gwadawa, a maimaita. Muddin ruwa yana da araha babu wanda ya damu da wannan asara. Fari ne ya canza lissafin, musamman na Kalifoniya tsakanin 2012 da 2016, inda a watan Afrilun 2015 Gwamna Jerry Brown ya ba da umarnin rage amfani da ruwa a birane da kashi 25 cikin ɗari, wasu garuruwa suka taƙaita zubar da ruwan kwami, kamar yadda birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya hana cika kwami da ruwan famfo a farin da ya kai ƙololuwa a 2018.

A irin wannan yanayi ne wasu hanyoyi biyu suka samu kasuwa. Ta farko ita ce motar da ke ɗauke da injin tacewa mai matsa ruwa da ƙarfi ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi, wadda ruwa ke ratsawa amma gishiri da sayanurik ba sa wucewa, ana jan ruwan kwami a tace a mayar, a zubar da kaso kaɗan kawai. Tana aiki, sai dai kuɗinta yakan fi na sabon ruwa in ba inda ruwa ya yi wuya ba. Ta biyu ta samo asali ne daga binciken ƙasar noma, domin sayanurik yana cikin abubuwan da maganin ciyawa atirazin ke rikiɗa zuwa gare su, kuma an gano bakteriyar ƙasa da ke narkar da shi ya zama amoniya da iskar kabon. Wannan ne ya bayyana abin da masu kwami a ƙasashen sanyi suka daɗe suna gani, inda sukan rufe kwami da hunturu su buɗe da bazara su tarar sayanurik ya ɓace amma ruwan yana shanye kulorin ba ƙaƙƙautawa saboda amoniyar da ta taru. An sayar da irin waɗannan ƙwayoyi a leda a matsayin maganin rage sayanurik, amma sakamakonsu bai tabbata ba, tunda suna buƙatar ruwa mai ɗumi da kulorin kaɗan, kwamin ninkaya kuwa an tsara shi ne domin ya kashe bakteriya.

A watan Agustan 2020 guguwar Laura ta afka wa jihar Louisiana, gobara ta tashi a masana'antar BioLab da ke kusa da Lake Charles, ɗaya daga cikin manyan masu yin tirayikulo a Amurka, kuma a 2021 dunƙule ya yi ƙaranci farashinsa ya yi tashin gwauron zabi. Masu kwami da yawa sun koma ga kulorin na ruwa, ko garin kalsiyam haifokulorait, ko injin da ke samar da kulorin daga gishiri, waɗanda babu ɗayansu da ke ƙara sayanurik, suka kuma gane cewa ana iya zuba garkuwar sau ɗaya gwargwadon buƙata a ci gaba da ciyar da ruwa da kulorin maras garkuwa. Dangin sayanurik ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin ƙwayar Aquatabs da ake rabawa lokacin annobar kwalara dayikulo ce, sai dai ruwan sha ana shanye shi ne a sake ɗebo wani, don haka ba ya taruwa. Kwamin otal a Kano ko Yamai kuwa, inda rana ke da ƙarfi kusan duk shekara kuma ruwa daga rijiyar burtsatse ko tanka yake zuwa, yana buƙatar garkuwar fiye da na Turai, kuma idan da dunƙule kaɗai ake ciyar da shi, yana iya haura iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya kafin rani guda ya ƙare.