Ranar da laka ta tsinke wayoyin teku

Ƴan uwa ɗalibai, da yawa cikinmu ba mu taɓa ganin teku ba sai a hoto. Amma akwai wani labari na ƙarƙashin teku da ya shafe mu har cikin aljihu, inda salularmu take. Labarin ya faro ne a shekarar 1929, nesa da mu ƙwarai.

Ranar 18 ga watan Nuwamba 1929, wajen ƙarfe biyar na marece, aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.2 a ƙarƙashin tekun Atlantika, kudu da tsibirin Newfoundland. A lokacin tsibirin bai shiga Kanada ba tukuna, sai a 1949 ya shiga. Masunta da ke zaune a zirin Burin sun ji ƙasa ta motsa, kwanoni sun yi ƙara, sannan komi ya lafa. Kowa ya koma harkarsa.

Bayan kamar awa biyu da rabi, cikin dare, ruwan teku ya ja da baya, ya bar jiragen kamun kifi zaune bisa laka. Can sai ga shi ya komo, igiyar ruwa har sau uku. A lungunan da gaɓa ta matse, ruwan ya haura mita 13. Ya ɗauke gidajen katako da mutane a ciki, ya kwashe busasshen kifin da aka tara na shekara. Mutum 28 suka rasu. Wayar tangarahon yankin ma a tsinke take, don haka sai bayan kwana uku labari ya kai babban birni, St. John's.

To mi ya tayar da ruwan? Daga bakin gaɓa, ƙasan teku yana tafiya a shimfiɗe, sannan ya yi gangare mai tsawo zuwa zurfi. Bisa wannan gangare laka da rairayi sun daɗe suna taruwa, jiƙe sharkaf. Girgizar ta sassauta su, sai suka zaftare, kimanin kilomita kubik 200. Wannan motsi ne ya tura ruwa zuwa gaɓa. Duk wanda ya ga bakin kori ya rufta da damina bayan ruwa ya ci gindinsa ya san yadda abin yake farawa.

A nan ne tarihin ya ɗauki wata hanya. A gindin gangaren akwai wayoyin tangaraho da suka haɗa Amurka da Turai. Guda 12 suka tsinke ran nan. Kamfanonin waya kuwa sun rubuta lokacin da kowace ta daina aiki, tunda kuɗinsu ne ke tafiya. Waɗanda ke kusa da cibiyar girgizar sun tsinke nan take. Sauran sun riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ta kusa kafin ta nesa, har ta ƙarshe ta katse bayan sama da awa 13, ɗaruruwan kilomita daga wurin. Girgizar ƙasa ba ta jiran awa 13 kafin ta isa wuri. Ke nan wani abu dabam ne ya bi gangaren yana tsinke su.

Shekara 23 aka yi kafin a warware wannan. A 1952 masana biyu na jami'ar Columbia a Amurka, Bruce Heezen da Maurice Ewing, suka jera lokutan tsinkewar tare da nisan kowace waya. Suka nuna cewa lakar da ta zaftare ta gauraya da ruwa, ta yi nauyi fiye da ruwan da ke kewaye da ita, sai ta kwarara a ƙasan teku kamar kori ya kawo. A wurin da gangaren ya fi tsanani, gudunta ya kai na mota bisa kwalta, yana raguwa yayin da ƙasa ke baje. Kafin nan wani masani ɗan Holan, Philip Kuenen, ya riga ya gwada irin wannan kwarara cikin kwatami a ɗakin bincike. Takardun kamfanonin waya, waɗanda aka rubuta don lissafin asara, su suka ba da shaidar cewa abin yana faruwa a teku da gaske.

Yanzu ku dubo gida. Tangaraho ya wuce, amma wayoyin intanet suna nan kwance a ƙasan teku, kuma ta cikinsu mafi yawan saƙonni tsakanin nahiyoyi ke bi. A watan Janairun 2020, irin wannan kwarara ta taso daga bakin kogin Kwango, ta yi tafiyar sama da kilomita 1,000 cikin teku, ta tsinke wayoyi biyu da ke bin gaɓar yammacin Afirka. Ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyi huɗu suka lalace a tekun da ke gaban Abijan, aka danganta abin da motsin ƙasa a ƙasan teku. Ƙasashe da dama na yankinmu suka shiga matsalar intanet, har da Nijar. Mu ba mu da teku, amma koneksiyon ɗinmu ta ƙasashen maƙwabta masu bakin teku take biyowa, irin su Benin da Najeriya. In waya ta tsinke can, ɗalibin da ke neman darasi a Damagaram da ɗan kasuwar da ke jiran kuɗi a Maraɗi sai su ji a jikinsu.

Ba wanda zai hana gangaren teku zaftarewa. Abin da ke hannun mutane shi ne auna ƙasan teku kafin a shimfiɗa waya, a kauce wa kwazazzabai, a kuma yawaita hanyoyi don in ɗaya ta mutu wata ta ɗauka. Ƙasa irin tamu tana buƙatar ƙofa fiye da ɗaya zuwa teku, da ƴaƴanta da suka san yadda waɗannan abubuwa ke aiki. Ku da ke karatun jeyoloji ko sadarwa, wannan fage naku ne. In kuma rezo ya ɗauke wata rana, kafin mu ɗora wa mai sayar da kati laifi, mu tambaya ko wani gangare ne ya rufta a teku.